Karyar Baba da Baƙaƙen 'Ya'yanta

Abu biyu mutanen garinmu suke faɗa a kan karyar Baba, kuma duka biyun ba haka ba ne. Na farko, wai son karnuka nake yi, boko ya juya mini kai. Ban taɓa son kare ba, har yau ba na so. Warinsu yana tayar mini da zuciya, in kuwa hancinsu ya taɓa mini zani ba na zama sai na wanke shi. Na biyu, wai hayaƙin da Gwaggo ta yi ne ya wanke cikin karyar. Wannan ya fi ba ni haushi, don babu abin da ya shiga cikin nan balle a wanke shi. Abin da ya fito da ma can yana jikinta, yana kuma jikin karen da aka kai ta wajensa. Ga yadda aka yi, wanda zai yarda ya yarda.

Gonarmu tana fadama, gabas da Haɗejiya, a kan wani tudu da ruwa yake zagayewa da damina har sai da kwalekwale ake zuwa. Shinkafa da damina, kankana da albasa da rani. Akwai ɗan ɗakin laka mai ƙofar kwano inda Baba yake ajiye injin ban-ruwa, kuma a bakin ɗakin nan karyar take kwana. Ba ta taɓa taka zauren gidanmu ba. Ja ce, irin jan tukunyar da ta gasu, siririya, kunnuwa a tsaye. Aikinta birai, da shanun da ake sakowa cikin kankana, da masu sha'awar injin mutane. Shekara uku tana wurin, ko tiyo ba a taɓa ɗauke mana ba, alhali maƙwabcinmu na gona sau biyu ana raba shi da injinsa.

Da mutane suka dame shi da roƙon iri, sai Baba ya ɗauke ta ya kai ta gidan wani tsohon maharbi a ƙauyen da ke tsallaken ruwa. Tsohon abokin kakana ne, tare suka tashi, shi ya sa akwai wasa tsakanina da shi. Yana da kare ja, ƙato, wanda duk yankin ake ji da irinsa. Ƙa'idar a bayyane take: karya za ta zauna a ɗaure a gidan mai kare har barbara ta ƙare, in ta haihu kuma mai kare ne zai fara zaɓar ɗa guda kafin kowa.

A shekarar na gama sakandare, ina zaune a gida ina taya Inna sana'arta ta bandar kifi. Ranar da karyar ta haihu ban je gona ba. Da azahar na ga Baba ya shigo da buhu a jiƙe, babu komai a ciki, ya rataye shi a kan danga. Gwaggo, yayarsa, tana biye da shi tana ta a'uziyya.

"Guda nawa ta haifa?" na tambaya.

"Huɗu," in ji Gwaggo.

"Shida," in ji Baba, bai dube ni ba. "Biyu baƙaƙe ne."

"Suna ina?"

Na dubi buhun, ruwa yana ɗiga daga gindinsa. A wajenmu haka ake yi. Baƙin kwikwiyo ba a bari ya buɗe ido, kogi ake kai shi, don an ce baƙin kare mazaunin aljanu ne. Tun ina ƙarama na san da haka, ban taɓa damuwa ba, don ban taɓa ganin buhun ba.

Kwana biyu tsakani tsohon ya tsallako don zaɓensa. Labari ya riga ya kai masa. Ya zauna a zaure ya ƙi ko shan ruwa.

"Ɗana, ni ba zan zaɓa ba," ya ce da Baba. "Karena bai taɓa haifar baƙi ba, ubansa ma haka. Karyarka ta bi wani kafin ka kawo ta. Kuma ka sani, karyar da baƙin kare ya taɓa hawa, cikinta ya riƙe shi ke nan har ta mutu. Ko wane kare ka kai mata sai baƙi ya leƙo. Ta tashi daga iri."

Baba mutum ne mai kunyar manya. Ya sunkuyar da kai ya ce to. Da tsohon ya tafi sai ya ce da zarar an yaye 'ya'yan zai ba masu keji ita. Masu keji su ne mutanen da suke zagaya ƙauyuka da kejin ƙarfe a bayan babur suna karɓar karnuka su yi kudu da su. Ba a tambayarsu me za su yi da su, don kowa ya sani.

Ni ba na iya riƙe magana. Ina bayan ƙyauren zaure na ce, "Baba, wane baƙin karen?"

"Uwata, shiga ciki." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kira na.

"Zan shiga. Amma a duk garin nan da tsallake, waye yake da baƙin kare? Duk kun zuba su a ruwa. Daga ina ya zo, daga Kano ya hau mota?"

Gwaggo ta tafa hannu. "Kin ji ki! Ai shi ya sa na ce ba kare ba ne."

Ka ji irin amsar da ake ba mutum a gidanmu.

Abin ya tsaya mini a rai. Ba tausayi ba ne, kada a ɗora mini shi. Haushi ne. Dabba ta yi shekara uku tana gadi, a kan maganar da ba ta da ƙafa a ce za a sa ta a keji. Kuma wani abu yana ta yi mini motsi a ka, wani darasi na aji biyar. Na kwance ƙullin littattafaina na ciro na Bayoloji, gara ta ci gefensa amma zanen yana nan: gida huɗu a cikin murabba'i. Malamarmu da wake ta koya mana. Kowane hali, ta ce, ƙwayar gado biyu ce take riƙe da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Akwai mai rinjaye, wadda ko ita kaɗai ce sai ta nuna kanta. Akwai mai ɓuya, wadda ba ta fitowa sai ta haɗu da irinta. Dogon wake da dogon wake sai su haifi gajere, in kowanne yana ɗauke da gajarta a ɓoye. A aji na haddace shi ne don jarrabawa. Ban taɓa zaton zai biyo ni har gida ba.

Na bi shagon unguwarmu na tsinto murafen kwalbar lemo, ja biyu baƙi biyu. Da la'asar Baba yana gyaran tiyo a tsakar gida, na ajiye ƙorai biyu a gabansa, kowace da ja ɗaya baƙi ɗaya.

"Wannan karyarka ce, wannan karen tsoho. Rufe ido ka ɗauki ɗaya a nan, ɗaya a nan. Wannan shi ne kwikwiyo. In akwai ja ko ɗaya ne, ja zai fito, don ja ya fi ƙarfi. Sai baƙi ya haɗu da baƙi sannan a ga baƙi."

Ya yi dariya amma ya ɗauka. Ja da ja. Na mayar na girgiza. Ja da baƙi. Ja da baƙi. A karo na biyar ya buɗe hannuwansa, baƙi da baƙi. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ci gaba da kansa ba tare da na ce ba, har ya manta da tiyon. Daga ƙarshe ya ajiye.

"Wasan yana da daɗi, Uwata. Amma kare ba murfin kwalba ba ne. Kuma tsoho ya ce babu baƙi a zuriyar karensa. To baƙin ƙoryar nan ta biyu, ke kika saka shi."

Gaskiyarsa. Ni na saka shi. Don haka washegari na shiga kwalekwalen masu zuwa tsallake na tafi gidan tsohon.

Na same shi a gindin tsamiya yana gyaran tarko. Karen yana kwance can gefe, na zagaye shi da nisa.

"A'a, uwargida! Yau kin tuna kina da miji?"

"Wane miji, kai da haƙoranka ba su kai biyar ba? Tambaya na zo yi."

"To 'yar boko, tambayi."

"Uwar karen nan, ciki nawa ta yi a gidan nan?"

Ya ƙirga da yatsu. Huɗu.

"Duk jajaye?"

"Duk jajaye, kamar an tsoma su a manja."

"Ko sau ɗaya ba a taɓa kai buhu kogi daga gidan nan ba?"

Ya ɗago. "To, wannan kuma daban. An kai mana. Cikin da aka haifi shi wannan ma an samu ɗaya. Amma wannan ai ba namu ba ne, wani abu ne ya ratso. Ba a ƙirga shi."

"Ba a ƙirga shi."

"Me za a ƙirga a abin da bai kwana ba?"

"To ita uwar tasa, me ya sa ba ta tashi daga iri ba?"

"Ita nan da nan na yi mata magani."

"Kaka, baƙin kare nawa ne yake ratsowa gidanka, kuma ba ka taɓa kama ko ɗaya ba, kai da kake kama gada a guje?"

Ya jefe ni da ƙwallon tsamiya ya ce in tashi in ba shi wuri, bakina ya fi na kakata. Na tashi, don na samu abin da na zo nema. Shekara da shekaru suna zubar da baƙaƙen kafin gari ya ji, su ce ba nasu ba ne, sannan su zauna su rantse zuriyarsu ba ta haifar baƙi. Kuma ba ƙarya suke ji suna yi ba. Tsohon nan da zuciya ɗaya yake faɗa.

Na dawo da zafina na ce da Baba a sake haɗa karyar da karen tsoho, a kulle su, zai ga kusan ɗaya cikin huɗu ya fito baƙi, ni na faɗa tun kafin a yi.

Baba ya ce, "In baƙi ya fito, tsoho zai ce ai abin da ya faɗa ke nan, cikinta ya riƙe. In bai fito ba, ya ce karensa ya wanku, laifin nata ne tun farko. Ta ina kika ci?"

Babu abin da na tsana kamar a fi ni gaskiya ina tsakiyar magana. Kwana uku ina juya murafen nan. Sannan na gane ba baƙi nake bukatar in nuna musu ba. Maganar tsohon ita ce ko wane kare aka kai mata sai baƙi ya leƙo. To a samo karen da ƙoryarsa ja biyu ce, babu baƙi. In lissafina daidai ne, ko 'ya'ya goma ta haifa babu baƙi ko ɗaya, maganarsa ta faɗi. Matsalar ita ce kare mai ja biyu da mai ja ɗaya kamanninsu ɗaya. Kuma tambayar masu karnuka a yankinmu ɓata yawu ne, tunda ba sa ƙirga abin da ba sa so.

'Ya'yan suna ta girma, lokacin yaye yana matsowa. Sau ɗaya ma na ji ƙarar babur ɗin masu keji a bakin kasuwa.

Kifi ne ya kai ni ga amsar. Inna ta aike ni karɓo banda wajen wasu masunta da suke zaune ta wajen Baturiya, mutanen da kakanninsu suka taso daga bakin tafkin Chadi. Ina tsugune ina zaɓar tarwaɗa sai ga karya ta fito daga bayan rumfar banda, baƙa wuluk har ƙafafu. A rayuwata ban taɓa ganin babban baƙin kare ba sai ranar. Bayanta 'yan kwikwiyo ne, jajaye duka.

Na saki kifin, na dubi masuncin da yake ba ni bandar. "Baba, waɗannan nata ne?"

"Nata ne," in ji masuncin.

"Ubansu fa?"

Ya nuna wani jan kare mai yankakken kunne a kan kifaffen kwalekwale.

"Baƙaƙen cikinsu kun kai ruwa?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "A kai ruwa don me? Ruwan da muke ci a ciki? Mu kare kare ne, yarinya. Shida ta haifa, ga shida. Bara biyar, duk suna nan a rumfunan mutane."

"Bara ma jajaye?"

"Ki je ki gani mana."

Na je kuwa. Matarsa ta zagaya da ni rumfa-rumfa tana dariya, tana ce wa mata ga mai ƙidayar karnuka gwamnati ta turo. Biyar, jajaye. Na tsaya a rana ina lissafi. Baƙar karya ƙoryarta baƙi biyu ce, ba ta da abin bayarwa sai baƙi. Da karen nan yana ɓoye da baƙi, da kusan rabin 'ya'yan sun fito baƙaƙe. Goma sha ɗaya, babu ko ɗaya. Ga karen da nake nema, kuma baƙar karya ce ta tona shi.

Na koma gida na manta rabin kifin, Inna ta yi ta faɗa. Na ba Baba labarin abin da na gani, na ce ya ba karyarmu damina ɗaya. A haɗa ta da karen masunci. Na ce babu baƙi ko ɗaya da zai fito.

Gwaggo ta kusa faɗuwa daga kujera. "Karen da yake kwana da baƙar karya? Duk karnukan duniya shi kika gano? Ƙanena, wannan 'yar taka a kai ta a duba ta."

Baba ya ce, "In ɗaya ya fito fa?"

"Ka kira masu keji, ba zan ce uffan ba."

"Ke? Uffan?" Ya yi murmushi. "Wannan kaɗai ya isa a gwada."

Labari ya zaga. A bakin rijiyar burtsatse mata suna tambayata yaushe ne bikin, me za a kai gudummawa. Tsohon ya aiko a gaya wa uwargidansa ta tanadi buhu babba. Ban kula kowa ba.

Da ruwa ya cika fadama karyar ta shiga lokacinta. Masuncin ya ba da aron karensa a kan ƙa'idar da aka sani, zaɓen farko nasa ne. Baba ya fitar da injin, tunda damina ba a bukatarsa, muka kewaye bakin ɗakin da tsofaffin kwanukan rufi da ƙayar bagaruwa, tsayin da kare ba zai tsallaka ba. Na sa kwaɗo, na rataye makullin a wuyana. Ba zan bari a ce wani abu ya ratso ba. Sati uku cur, kullum da sassafe ina gaban kwalekwale Baba yana tura gora, muna kutsawa cikin ciyawar kacala, da ƙanzon tuwo da kawunan kifi a tsohuwar roba. Da sanda nake tura musu abincin ta ƙarƙashin kwano. In zagaya shingen in duba ko an tona, in duba sawu a laka. Sauro ya cinye mini ƙafafu. Akwai ranar da aka kwana ana ruwa, Baba ya ce yau a haƙura, na ce to ya ba ni gorar. Ya tashi.

A sati na biyu Gwaggo ta matsa sai an kai ta. Ta zo da kasko da garwashi da wasu saiwoyi, ta turara shingen ta kowace kusurwa har karnukan suna atishawa. Na ce, "Gwaggo, in duk suka fito jajaye za ki ce ke ce." Ta ce, "To da wa za a ce?" Na bar ta, don in na hana, in abu ya ɓaci a ce ni na hana magani.

Aka mayar da karen masunci, aka shiga jira. Wata biyu ne da 'yan kwanaki, amma ban taɓa ganin wata biyu masu tsawonsu ba. A gaban mutane ina cika baki. Ni kaɗai kuwa ina ta tunanin inda zan iya faɗuwa. Idan wani karen ne ya hau baƙar karyar masunci ba mai yankakken kunnen ba fa? Su ba sa ɗaurewa. Na kuma duba a waya na ga launin kare ya fi na wake rikici, akwai ma wani irin baƙin da shi ne yake rinjaye. Na kashe wayar. Na riga na faɗa a gaban mutane, kuma wuyan da ke kan maganata ba nawa ba ne, na karyar ne.

Da cikin ya tsufa na ce da Baba kada kowa ya buɗe ɗakin nan in ba na wurin. Wata ranar Talata da safe muka iso, ba ta fito tarye mu ba. Na buɗe ƙofar kwanon, haske ya shiga. Tana kwance a kan buhunan taki, 'yan abubuwa suna motsi a gefen cikinta. Na ƙirga daga bakin ƙofa. Bakwai. Shida jajaye. Na bakwai yana can ƙarƙashin cinyarta, bayansa da duhu kamar an shafa masa toka da gawayi.

Baba ya leƙa ta kan kafaɗata, sai ya juya ya dubi inda buhu yake.

"Kada ka taɓa shi," na ce.

"Uwata, mun yi magana."

"Mun yi. Fito mini da shi rana tukuna."

Ya lallashi uwar ya ɗauko shi a tafin hannu ya kawo waje. Na manta da sanda, na manta da wari, na sa yatsa na juya shi. Cikinsa ja. Bayan kunnuwansa ja. Na buɗa gashin bayan, saman ne kawai da duhu, gindin gashin ja ne.

"Na bara haka suke?"

Baba ya girgiza kai. "Waɗancan har cikinsu baƙi ne, ko'ina."

"To wannan ba baƙi ba ne. A ba shi sati biyu."

Gwaggo da ta ji ta ce baƙi baƙi ne, ko a baya yake ko a ciki. Masuncin da ya zo zaɓe ya ɗaga shi ya yi dariya, ya ce nasu ma da yawa haka suke zuwa da hayaƙi a baya, yana zubewa. Kuma don ya ba mutanenmu haushi, shi ya zaɓa. Kafin su buɗe ido duhun ya fara ja da baya. Da suka fara tafiya sai wani siririn layi kawai ya rage a gadon bayansa. Na sa Baba ya aika wa tsohon ya zo ya ƙirga da kansa. Ya zo, ya tsuguna, ya juya su ɗaya bayan ɗaya, har da buɗa gashi kamar mai neman ƙwarƙwata.

"Bakwai," na ce. "Ina wanda zai leƙo?"

"Uwargida, kin cika tsiya." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Ɗana, ka bar karyarka. Ban san me ya faru ba, amma ka bar ta."

Da masu keji suka zagayo bayan girbi, suka tsaya a ƙofar gidanmu don an taɓa yi musu magana, Baba ko tashi bai yi ba, ya ɗaga musu hannu ya ce babu. An mayar da injin ɗakinsa, ita kuma ta koma bakin ƙofa.

Sai masu roƙon iri suka dawo, har da waɗanda suka yi mini dariya a rijiya. Kowa yana cewa a ba shi daga wankakken ciki. Na ce da su babu wani wankakken ciki. Uwar tana nan da baƙinta a ɓoye kamar yadda take tun farko, kuma kusan rabin jajayen nan sun karɓa daga wajenta, ban san waɗanne ba. Duk wanda ya kai nasa wajen karen tsoho, kada ya yi mamaki. Baba ya ce in rage murya ina korar mutane. Ban rage ba. Amma na san abin da zai biyo baya. Nan da shekara biyu wata daga cikin 'ya'yan nan za ta haifi baƙi a gonar wani, a ce ta bi wani abu, a kira babur. Ba zan iya bin kowace da murafen kwalba ba.

Abin da ya raba gardama a wajen masunta baƙar karya ce, ita take nuna abin da jan kare yake ɓoyewa. A yankinmu babu ko ɗaya. Na ji an kai wa karen tsoho wata karya daga ƙauyen gaba, kuma uwarta daga gidan tsohon ta fito, don haka akwai yiwuwar a samu. Haihuwarta saura kwana ashirin. Na riga na je na gaya wa mai ita, na gaya wa tsohon, na gaya wa Baba yana cin tuwo don kada ya samu bakin musu. Ranar da ta haihu ina wurin kafin kowa ya ƙirga. In akwai baƙa mace, tawa ce, a gona zan raine ta. In babu, zan jira ciki na gaba.